Da gwamnati ba ta baro Legas ba

A watan Janairun 2024, da labari ya fito cewa Babban Bankin Najeriya zai mayar da wasu sassansa Legas, hukumar kula da filayen jiragen sama ma za ta kwashe hedikwatarta ta bi sahu, sai Arewa ta ɗauki zafi. Ƙungiyar Tuntuɓa ta Arewa ta fitar da sanarwa, Sanata Ali Ndume ya yi gargaɗin cewa abin zai yi tsada a siyasance, har sai da fadar shugaban ƙasa ta fito ta ce babu mai shirin ɗauke babban birni daga Abuja. Ƙura ta lafa, amma ta bar wata tambaya tana yawo a majalisun hira na Wuse da Garki da Kubwa: to da tun farko ba a baro Legas ba fa, yau wace irin ƙasa muke ciki?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce ta gosulo, wai da Legas ta shaƙe har ba a iya motsi. Gaskiya ne, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Legas ta shaƙe ɗin ko da gwamnati ta tashi. Abin da ya kamata a bi diddiginsa shi ne wa zai mallaki garin, da kuma wa zai iya isa ƙofar mai mulki idan ransa ya ɓaci.

Legas ta zama babban birni tun 1914 da Lugga ya haɗe Kudu da Arewa. Zuwa 1975 abin ya kai intaha. Kuɗin mai ya kwararo bayan 1973, gwamnatin Gowon ta yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, abin da tashar Apapa ba ta iya sauke ko kusa da shi a shekara. Ɗaruruwan jiragen ruwa suka yi jerin gwano a teku wata da watanni, ana biyan su kuɗin jira, siminti yana daskarewa a cikinsu. A cikin gari kuwa, a 1977 har doka aka kafa cewa motocin da lambarsu ta ƙare da 1 ko 3 ko 5 su shiga tsakiyar birni wasu ranaku, masu 2 da 4 da 6 wasu ranakun. Masu hali suka sayi mota ta biyu, magana ta ƙare.

Janar Murtala Muhammad ya hau mulki ƙarshen Yulin 1975. A watan Agusta ya kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda, cikinsa har da Tai Solarin, dukansu biyu Yarbawa ne, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga masu cewa Arewa ce ta sace babban birni. Kwamitin ya miƙa rahoto a Disamba: Legas ba ta da filin faɗaɗawa, tana bakin teku inda abokin gaba zai iya kai mata hari cikin sauƙi, tana ƙuryar ƙasa, ga shi kuma ana kallonta a matsayin garin ƙabila ɗaya. Ranar 3 ga Fabrairun 1976 Murtala ya sanar da cewa za a yanki fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000 a tsakiyar ƙasa, aka fitar da dokar soja mai lamba 6. Bayan kwana goma, safiyar Juma'a 13 ga wata, motarsa ta rage gudu a cunkoson Ikoyi a kan hanyarsa ta zuwa Barikin Dodan, fadar mulkin lokacin, mutanen Laftanar Kanar Dimka masu yunƙurin juyin mulki suka buɗe mata wuta, suka kashe shi.

Daga nan ne tunanin "da ba a tashi ba" ya daina zama tatsuniya, domin abin da Murtala ya bari takarda ce kawai. Shekara 15 aka kwashe tsakanin dokar da tashin, kuma a cikinsu akwai wurare da dama da maganar za ta iya mutuwa. Cif Awolowo ya fito fili a yaƙin neman zaɓen 1979 ya nuna bai yarda da zuba kuɗi a Abuja ba. Da shi ya ci, ba Shagari ba, da wuya a ci gaba da aikin da irin wannan hanzarin. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, aiki ya yi ta tafiyar hawainiya. Hanya mafi sauƙi ita ce wadda wasu ƙasashen Afirka suka bi. Tanzaniya ta zaɓi Dodoma a 1973, amma sai zamanin Magufuli, bayan sama da shekara 40, gwamnati ta kwashe kayanta daga Darussalam da gaske. Kwaddebuwa ta ayyana Yamusukuro a 1983, har gobe Abijan ce ke riƙe da ma'aikatu da ofisoshin jakadanci. Da mu ma haka za mu kasance: Abuja a littafin 'yan firamare, Legas a zahiri.

Abin da ya hana hakan tsoro ne. Ranar 22 ga Afrilun 1990 Manjo Gideon Orkar da mutanensa suka yi wa Barikin Dodan ruwan wuta, suka kashe dogarin shugaban ƙasa, Laftanar Kanar U.K. Bello, Janar Babangida ya tsallake rijiya da baya. A gidan rediyon Ikoyi, nan kusa da barikin, Orkar ya sanar da cewa ya fitar da jihohin Sakkwato da Borno da Katsina da Kano da Bauchi daga Najeriya. Bayan wata 20, ranar 12 ga Disambar 1991, Babangida ya tare a Abuja.

To mu ɗauka bai tare ba. Tambaya ta farko: Legas ta wa ce?

Wannan rigima ta girmi 'yancin kai. Tsarin mulkin 1951 ya saka Legas cikin Jihar Yamma. Arewa da Gabas suka ce ba su yarda ba, domin gyaɗa da auduga da fatun Arewa ta tashar Legas suke fita, ba za a bar maƙogwaron kowa a hannun jiha ɗaya ba. A 1954 aka cire ta aka mai da ta yankin tarayya, Awolowo har barazanar ɓallewa ya yi. A 1967 Gowon ya ƙirƙiro Jihar Legas, sai garin ya zama mazaunin gwamnati biyu a lokaci guda, kamar kishiyoyi biyu a madafi ɗaya. Wannan zaman ba mai ɗorewa ba ne, dole ɗaya ta kauce.

Idan jihar ce ta kauce, wato tarayya ta sake karɓe birnin ta ɗora masa minista irin yadda ake yi a Abuja yanzu, to a bi zaren a ga inda zai kai. Babu kujerar gwamnan Legas mai ƙarfin da muka sani, babu abin da Lateef Jakande zai hau a 1979, babu wadda Bola Tinubu zai hau a 1999. A zaɓen 2003 PDP ta share jihohi biyar cikin shida na Kudu maso Yamma, Legas kaɗai ta tsira a hannun AD. Daga wannan jiha guda, da kuɗinta da jaridunta, aka gina AC, ta zama ACN, ta haɗu da CPC da ANPP a 2013 aka haifi APC. Janar Buhari ya tsaya a 2003 da 2007 da 2011 da ƙuri'un Arewa ya sha ƙasa. Sai da ya sami wannan ƙawancen ya kai labari a 2015. Matasan da suka yi ta wasa da babura a titunan Kano da Bauchi da Jos a wancan daren, ƙalilan ne cikinsu suka san murnar tasu tana da alaƙa da hannun da Murtala ya sa a 1976. Ba na cewa siyasar Yarbawa za ta rasa masauki, Ibadan tana nan kamar zamanin Awolowo. Amma aljihun Ibadan ba na Legas ba ne.

Idan kuma an ci gaba da zaman gwamna da shugaban ƙasa a gari ɗaya, mun ga samfurin abin da zai faru. A 2004 Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas saboda sababbi 37 da Tinubu ya ƙirƙira, aka je Kotun Ƙoli, kuɗin bai fito gaba ɗaya ba sai da 'Yar'aduwa ya hau. A shekarar ce ma'aikatan hukumar gyaran hanyoyi ta tarayya da na hukumar kula da zirga-zirga ta jiha suka riƙa ba hammata iska a kan titi, kowa na cewa hurumina ne. Wannan fa da tazarar sama da kilomita 700 tsakanin Aso Rock da Alausa, mazaunin gwamnan Legas. Da a ce gada ɗaya ce ta raba su, ba na jin gwamnan adawa zai kai wa'adi biyu.

Shi ya sa nake ganin Legas ba ta yi asarar da 'ya'yanta ke kuka a kai ba. Gaskiya ne Murtala ya yi alkawarin ba ta matsayi na musamman, tare da Kaduna da Fatakwal, ba a cika ba. Majalisar Dattawa ma ta yi watsi da ƙudurin neman hakan a 2016. Gaskiya ne kuma tsohuwar sakatariyar tarayya ta Ikoyi ta daɗe tana zaman kango. Amma tashoshin Apapa da Tin Can ba su bi gwamnati ba, kasuwar hannun jari ba ta bi ba, hedikwatocin yawancin bankuna da manyan jaridu ba su bi ba. Aliko Dangote, ɗan Kano, da ya tashi gina matatar mai, Lekki ya nufa. Kujera kawai aka ɗauke. Da aka ɗauke ta kuwa, garin ya koyi ciyar da kansa: gwamnatin jihar takan ce a 1999 abin da take tarawa a wata bai fi naira miliyan 600 ba, a 2023 kuma hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta nuna harajin cikin gidanta ya haura naira biliyan 800 a shekara. Garin da minista ke riƙewa da kason tarayya ba ya da dalilin koyon wannan.

Sai magana ta biyu, wadda ta fi damuna. A ƙasar da fadar mulki take cikin birni mafi yawan jama'a, talaka yana da hanyar zuwa ƙofar mai mulki da ƙafarsa. A Wagadugu, ƙarshen Oktoban 2014, jama'a suka banka wa majalisa wuta, washegari Blaise Compaoré ya tsere bayan shekara 27. A Kartum, Afrilun 2019, mutane suka yi zaman dirshan a gaban hedikwatar soja, cikin kwanaki aka sauke Umar al-Bashir bayan shekara 30.

Mu kuma a dubi 1993. Lokacin da aka soke zaɓen 12 ga Yuni, Babangida shekara ɗaya da rabi ke nan da tarewa a Aso Rock. Legas ta kama da wuta a watan Yuli, sojoji suka harbe mutane da dama, amma hayaƙin tayar da aka ƙona a hanyar Ikorodu bai kai Asokoro ba. Abiola, wanda ake ganin shi ya lashe zaɓen, ya ayyana kansa shugaban ƙasa a unguwar Epetedo ta Legas a Yunin 1994, ma'aikatan mai suka tsunduma yajin aiki na makonni, ƙungiyar NADECO mai adawa da mulkin soja da jaridun Legas suka hana gwamnati sakat, duk da haka Janar Abaca ya zauna daram har Allah ya ɗauki ransa a 1998. Da a Barikin Dodan yake, bango ɗaya da Obalende, inda ma'aikatansa da masu dafa masa abinci sai sun ratsa ta cikin masu zanga-zanga kafin su zo aiki, ɗayan biyu ne: ko gwamnatin ta faɗi tun da wuri, ko a zubar da jinin da ya ninka wanda aka zubar. Kada a manta, a Kartum ɗin ma, wata biyu bayan faɗuwar Bashir, a filin nan dai aka yi wa masu zaman dirshan kisan gilla.

Duk wanda ya san Abuja ya san yadda take idan an ce za a yi zanga-zanga. A tare hanyar Nyanya, a tare ta Kubwa, a tare ta filin jirgi, a girke motoci a Dandalin Eagle da ƙofar Majalisa, shi ke nan an rufe gari. Masu fushin suna can waje, a unguwannin da suka fi ƙarfin tafiyar ƙafa. Tun da aka dawo nan ba a sake juyin mulkin da aka yi harbe-harbe ba, ko da yake kada a ba wa gari lada fiye da kima: Shagari ma a Abuja juyin mulkin 31 ga Disambar 1983 ya same shi, a nan aka kashe Birgediya Ibrahim Bako. Abin da Abuja ta sayar wa masu mulki shi ne tazara. Ta kare su daga bindigar ƙaramin hafsa, ta kuma kare su daga muryar mai jin yunwa, kuma ba a iya sayen ɗaya a bar ɗaya.

Arewa fa? Wanda ya yi aikin gwamnatin tarayya a wancan zamani ba ya son jin wannan tambayar ma. A wata majalisa a Kubwa, wani matashi ya tsokani wani dattijo da ya yi ritaya, wanda ya yi shekarunsa a Ikoyi kafin a dawo da ma'aikatarsu. Ya ce, "Baba, ai ku kun ci duniya a Ikko, ga teku ga kulob." Dattijon ya ce, "Yaro, kai dai ka gode wa Allah. A lokacinmu sai a yi maka rasuwa a Azare, kafin saƙo ya same ka, ka nemi izini, ka sami mota, an riga an yi sadakar uku. Gaisuwa kawai kake zuwa, ba jana'iza ba." Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, daga Maiduguri ya haura 1,500. Mai bin fanshonsa ko takardar ƙarin girma daga Gashuwa sai ya sayar da akuya kafin ya ga teburin da fayil ɗinsa yake. Yau mutumin Jos yakan yi asubanci ta Akwanga da Keffi, ya gama abin da ya kawo shi, ya kwana a gidansa.

Nisan ma ba na hanya kaɗai ba ne. A 1953, bayan muhawarar neman mulkin kai, jama'ar Legas sun yi wa wakilan Arewa ihu da zagi, abin da ya kai ga rikicin Kano a watan Mayu. Sardauna bai taɓa yarda ya koma can da zama ba, Tafawa Ɓalewa ya tura, kuma daga gidansa na Legas sojoji suka ɗauke Ɓalewan daren 15 ga Janairun 1966. A Yulin shekarar sojojin Arewa a barikin Ikeja, Murtala na gaba-gaba, "a raba" suke kira, har iyalansu suka sa a jirgi zuwa gida. Ga rikice-rikicen Ketu da Idi-Araba tsakanin 1999 da 2002, duk da cewa Hausawa sun fi ƙarni suna zaune a Agege suna cinikin goro da shanu. Idan aka ɗora rikicin 12 ga Yuni a kan wannan tarihi, shugaba ɗan Arewa yana zaune a tsakiyar birnin da ke ganin an ƙwace wa ɗansa mulki, ba na cewa lalle ƙasar ta wargaje, amma da wuya ta fito da tarayya mai ƙarfin tsakiya irin na yau. Da an koma wani abu mai kama da tsarin jihohi uku na da, kowane yanki da inda yake kallo.

Inda Arewa za ta kalla kuwa Kaduna ce, kuma a nan ne asararmu take, ba mu cika lissafa ta ba. Kafin 1991 duk wani mai faɗa a ji a Arewa yana da gida a Unguwar Rimi ko Malali ko Unguwar Sarki. A nan ake dafa siyasa kafin a kai ta Legas a zuba. Ga jaridar New Nigerian, ga Rediyon Kaduna da ake ji har Kamaru da Cadi, ga masaƙun Kakuri, ga kamfanin harhaɗa Fijo tun 1975, ga matatar mai tun 1980. Ba Abuja ce ta kashe masaƙu ba. Rashin wuta da fasa-ƙwaurin atamfa da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ne suka yi wannan aikin, rikicin 2000 kuma ya raba garin gida biyu. Amma da ba a sami Maitama da Asokoro a tafiyar awa biyu ba, manya ba su da wurin gudu, dole su tsaya su gyara inda suke kwana. Kuɗin da ya kamata ya shiga masana'anta ya koma sayen fuloti, tunda fili a Abuja yana ninka kansa ba tare da ka biya ko ma'aikaci ɗaya ba. Jos ma haka: bayan rikicin Satumbar 2001 da gobarar babbar kasuwar Taminus a 2002, 'yan kasuwa da yawa nan suka kwararo, ba su koma ba.

Yawancinsu kuma ba cikin birnin suka sauka ba. Tsarin da aka zana a 1979 ya yi hasashen mutum miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, bai kuma yi wa direba da mai gadi da ƙaramin akawu wani tanadin kirki ba. Ka tsaya a gadar Mararaba bayan sallar asuba ka gani: motoci sun jeru tun daga Masaka, 'yan kamasho na kiran Area 1 da Berger da Wuse, fasinja biyu a gaba huɗu a baya, mai ƙosai na bin tagogi, ma'aikaci ya rungume jakarsa yana gyangyaɗi domin tun ƙarfe huɗu ya tashi. A Nasarawa suke kwana, a Abuja suke aiki.

Masu cewa da an bar Legas da kuɗin gina Abuja ya tafi makarantu da asibitoci, ni ban saya ba. Gwamnatin da ta yi odar simintin da ba ta da wurin sauke shi ba za ta rasa ramin zuba kuɗi ba. Da an kashe shi wajen cike bakin teku da yashi da gina gadoji, irin gada ta uku mai tsawon kilomita 11.8 da aka kammala a 1990. Fili kuma da an samo shi yadda aka samo na unguwar Maroko ta Legas a Yulin shekarar, da katafila, a kan dubun-dubatar talakawa.

Katafilar dai ba ta fasa aiki ba, wuri ta sauya. Filin da aka yanka daga ƙasashen da yau suke Neja da Nasarawa da Kogi ba daji ba ne da babu mai shi. Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da Ganagana suna ciki suna noman doya da dawa. Tsohon garin Abuja, wanda Abu Ja na gidan sarautar Zazzau ya kafa a 1828, inda Ladi Kwali ta yi suna da ginin tukwane, ya ba da sunansa ya koma Suleja, sannan aka ja iyaka aka bar shi a waje. Da farko an yi alkawarin kwashe kowa a sake masa matsuguni da kuɗin gwamnati. A 1978 aka ga kuɗin ya yi yawa, aka ce sai wanda aiki ya iso kansa. Mutanen Wuse aka kai su Sabon Wuse a hanyar Kaduna, sauran suka zauna jiran ranar da za a zo a shafa wa bangonsu jan fenti. Tsarin mulkin 1999 ya ce duk ƙasar yankin ta gwamnatin tarayya ce. Ba su da gwamna, ba su da majalisar jiha, sanata ɗaya ne da 'yan majalisar wakilai biyu, ministan da ke raba gonakin kakanninsu kuma ba su suka zaɓe shi ba. Sai a 2023 aka fara naɗa ɗan asalin yankin minista a gwamnatin tarayya (ba ministan Abuja ba), Zephaniah Jisalo, shekara 47 bayan dokar. Da gwamnati ta yi zamanta a Legas, mai yiwuwa ƙauyukansu su kasance kamar sauran na Neja, babu kwalta babu famfo, amma gonar tasu ce, kuma suna da gwamnan da za su iya kayarwa a Minna ko Lafiya.